Zafin tukunya: daga giyar kakanni zuwa ƙwaryar nono

Yau labarin tukunya na kawo muku, kuma ga yadda anka yi ya samo asali.

Cikin ɗarin bara, a ajinmu na yaƙi da jahilci nan Azarori, wata ɗaliba ta zo ranta a ɓace. Mai saida nono ce. Ta ce kwana 3 ke nan tana kafa madara da dare, in gari ya waye sai ta iske ba ta kama ba, ruwa tsululu. Kuɗin da ta ba makiyaya ya tafi a banza. Har ta fara zargin wata maƙwabciyarta da yi mata baki.

Sai wata tsohuwa da ke zaune bayan aji ta ce mata: "Ƴata, bar zargin mutane, ɗari ne. Ki rufa ma ƙwaryarki zane, ki aje ta kusa da murhu. Haka kakata ke yi ma tukunyar giya."

Aji ya yi tsit. Wani dattijo ya ce: "A'uzu billahi! Inna, zancen giya cikin aji?" Ta ce mishi: "Ɗana, ni ban taɓa sha ba, amma na ga yadda ake yi."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Mi ya haɗa giya da nono? Na bi littattafai, na tambayi tsofaffi, ga abin da na samo. Tun farko ka sani, addinin Musulunci ya haramta giya, kuma ba kiran kowa nake yi zuwa gare ta ba. Tarihi ne. Amma cikin tarihin nan akwai ilimin da zai tsare maka nono da daddawa da kunun gidanka.

Tsohuwar sana'a

Yin giya da hatsi tsohon abu ne a duniya. A shekarar 2021 masu tonon kayan tarihi sunka bada labarin wani wuri da sunka tono a Abidos, cikin ƙasar Misira. Gidan yin giya ne mai shekara wajen 5000. Sun iske manyan tukwane na yumɓu jere cikin layi biyu-biyu, an tokare su da sandunan laka, da wurin hura wuta ƙarƙashinsu. Masana sun ƙiyasta ana iya dafa fiye da lita 20,000 a tashi guda. Ka ga tun wancan zamani masu aikin sun san gari da ruwa kaɗai ba su isa ba, sai an iya ma wuta.

A ƙasar Hausa ma sana'ar ta daɗe. Akwai littafin da ake kira Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Falma ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. Littafin ya lissafa manyan mutanen da ke zaune gindin dutsen Dala zamanin Barbushe, shekara wajen 1000 da ta wuce. Akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai mai gadin gari da dare. Cikinsu har da Bugazau, shi ne mai giya. Wato a lokacin mai giya mai muƙami ne, ana ambatonshi tare da maƙeri.

Nan wajenmu, Adar da Gobir, masu bin addinin gargajiya su ne ake kira Azna, wasu su ce Anna ko Arna. A ƙasar Kano ana ce musu Maguzawa. Wurinsu giyar dawa na cikin hidimar rayuwa. Ana dafa ta don gayyar noma, da aure, da zaman makoki, ana kuma zuba ta wurin tsafi. Wani mai bincike ɗan Amurka, Yusufu Girinbag, ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya kuma ga haka da idonshi. Mata ne masu dafawa. Uwa ke koya ma ɗiyarta, ba takarda, ba ma'auni.

Yadda mata ke auna zafi da hannu

Bari in gaya maka matakan aikin a taƙaice, don ka ga inda zafi ke shiga. Giyar dawa, wadda anka fi sani da burkutu, aikin kwana 6 ne ko 7.

Da farko ana jiƙa dawa, a shimfiɗa ta cikin inuwa, a rufe da ganye ko buhu, ana yayyafa mata ruwa har ta yi tsiro. Tarin dawa mai tsiro da kanshi yake ɗaukar zafi. In an tara ta da kauri sai ta dafe, ta yi fumfuna. Shi ya sa mai aikin ke cusa hannu ciki safe da maraice. In ta ji zafi ya yi yawa sai ta baza, in ta ji sanyi sai ta tattara. In ka taɓa tauna ƙwayar hatsi mai tsiro ka ji zaƙi-zaƙi. Tsiron ne ke maida garin hatsi sukari. Masu kunun zaƙi ma wasu da tsiro suke samun zaƙinsu.

Bayan an shanya tsiron an niƙa, sai a dama da ruwa a bar shi ya kwanta. Nan akwai wata dabara mai ban mamaki. Mai dafawa takan tsiyaye ruwan sama ta aje gefe. Ta ɗora mai kaurin a wuta shi dahu, sannan ta maida mishi ruwan da ta aje. Don mi? Masana na yanzu sun gano dalili. Garin dawa ba ya sakin jiki sai ya sha zafi ƙwarai. Shi kuwa ƙarfin da ke maida gari sukari, yawancinshi cikin ruwan saman yake, kuma tafasa na kashe shi. Da an dafa su tare, da an yi hasarar zaƙin. Matan nan sun raba abin da ke son wuta da abin da ke tsoron wuta, tun ba a san sunan ko ɗaya ba.

Daga nan a bar haɗin shi kwana da ɗuminshi, shi yi tsami. In tsamin ya kai yadda ake so, sai a sake tafasawa sa'o'i masu yawa. Wannan tafasa ita ke tsaida tsami, kada shi wuce gona da iri.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda tsohuwar ajinmu ta tuna. A sauke tukunya a bari ta huce. Mai aikin ta sa yatsa. Sai ta ji ɗumi ya sauka, ba ya cizo, sannan ta zuba iri, wato ragowar gindin tukunyar da ta gabata. In ta yi gaggawa ta zuba da zafi, irin ya mutu, tukunya ta yi shiru. In ɗari ya buge tukunyar, aiki ya yi nawa, abin ya lalace kafin shi kai. Saboda haka cikin hunturu ana rufa ma tukunya tsumma, a matsar da ita kusa da murhu. Cikin bazara kuwa a kai ta inuwa. In komi ya yi daidai, kafin safiya tukunya na kumfa tana ƙara kamar mai tafasa, alhali babu wuta ƙarƙashinta.

Wani Bature ya rubuta irin wannan kusan shekara 200 da ta wuce. Shi ne Kyaftin Kilafatan, ɗan Birtaniya, wanda ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, ya komo karo na biyu, ya mutu kusa da Sakkwato a 1827. A hanyarshi, cikin 1826, ya yi zango a garin Kulfo, wajen ƙasar Nufe. Can ya ga ana haɗa wani abin sha da dawa da zuma da barkono cikin babbar tukunya. Ya ce ana aje tukunyar kusa da ƴar wuta marar ƙarfi, kwana 4 ko 5. Ka lura, kusa da wuta ya ce, bai ce bisa wuta ba. Ɗumi ake nema.

Musulunci ya ja iyaka

Hanin giya ya sauka cikin Alƙur'ani daki-daki. An ambace ta cikin Suratul Baƙara aya ta 219, sannan Suratun Nisa'i aya ta 43, sannan hani na ƙarshe ya zo cikin Suratul Ma'ida aya ta 90.

Amma akwai tambayar da ta taso tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi. Mutanen Madina na jiƙa dabino ko busassun inabi cikin ruwa don shi yi zaƙi su sha. Wannan tsimi halal ne. To, yaushe yake juyewa shi zama abin maye? Imamu Muslim ya ruwaito cewa ana jiƙa ma Annabi irin wannan, shi sha ranar, da kashegari, har zuwa maraicen rana ta uku. Bayan nan ba ya shan abin da ya rage. An kuma ruwaito hani ga yin tsimi cikin wasu mazubai, kamar duma da tukunyar da anka shafe da kwalta. Littafin Risala, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, ya ambaci wannan hani. Malamai sun bayyana dalili: cikin irin waɗannan mazubai tsimi na saurin juyewa, mai shi bai sani ba. Ka ga su ma malaman fiƙihu sun lura da kwanaki da mazubi, abubuwan da mai burkutu ke lura da su. Ita tana so abin shi juye, su kuwa suna tsare mutane daga juyewarshi.

A ƙasar Hausa Musulunci da giya sun daɗe suna zaune gari ɗaya. Babban sauyi ya zo da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An haife shi a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, ba nisa da mu. Cikin littafinshi Kitabul Farƙi ya zargi sarakunan zamanin da ci da shan abin da sunka ga dama, ko halal ko haram. Jihadi ya tashi a 1804, Alƙalawa babban birnin Gobir ta faɗi a 1808. Daga nan giya ta fita daga fada da kasuwar birni, ta koma ƙauyukan Azna da Maguzawa, waɗanda sunka ci gaba da al'adunsu.

Da Turawa sunka zo, burkutu ya samu sabon mazauni a bariki da unguwannin baƙi. Cikin ƙauyuka kuwa Musulunci ya yi ta yaɗuwa, gida bayan gida anka kife tukunyar giya. Yau a yankinmu sai dai labari wurin tsofaffi. Inda ake yinta sosai shi ne wasu sassa na tsakiyar Najeriya, da arewacin Benin, da Burkina Faso inda ake ce mata dolo, da arewacin Gana inda ake ce mata pito.

Turawa ma sun sha wahalar zafi

Kada ka zaci Turawa sun fi kakanninmu sanin sirrin tukunya a wancan zamani. Su ma lalube suke yi. A Bavariya, cikin ƙasar Jamus, giyar da anka dafa lokacin zafi yawanci lalacewa take yi. Abin ya kai a 1553 sarkin ƙasar ya kafa doka: ba a dafa giya sai daga 29 ga Satumba zuwa 23 ga Afirilu, wato lokacin sanyinsu. Sukan saro ƙanƙara daga tafki, su jibge cikin kogo, su aje gangunansu ciki. Sun san zafi ke ɓata musu aiki, amma ba su san ta yaya ba.

Abu na farko da ya taimake su shi ne ma'aunin zafi, irin wanda ake sa ma marar lafiya a likita. Lissafin da muke aiki da shi yau ya samo asali daga wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Salsiyus, a 1742. Ga yadda yake, ka riƙe shi don za mu buƙace shi gaba. Ruwa na daskarewa shi zama ƙanƙara a digiri 0. Yana tafasa a digiri 100. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Tsakar ranar bazara a Madawa ko Buza ko Keita zafi na wuce digiri 40. Da asubar hunturu kuwa yakan sauka wajen digiri 15. A 1758 wani mai giya a birnin Landan, Maikal Kwamburun, ya fitar da littafi shina koya ma abokan sana'arshi aiki da ma'aunin. Abin da yatsa ke ji, yanzu ana iya rubuta shi da lamba, a aika ma wanda ke wani gari.

Paster ya leƙa cikin tukunya

Saura babbar tambaya. Mi ke sa tukunya kumfa ba wuta? Tun 1680 wani mutumin Holan mai suna Lewanhuk ya duba ɗigon giya da gilashin da ke ƙara girman abu, ya ga wasu ƴan ƙwayoyi. Bai gane aikinsu ba.

A 1856, a birnin Lil na ƙasar Faransa, wani mai masana'antar barasa ya kai kuka wurin wani malamin jami'a mai suna Luwi Paster. Ya ce wasu gangunanshi na yin daidai, wasu kuwa sai su yi tsami, shina ta hasara. Paster ya ɗebo daga kowace ganga ya duba da madubin likita. Cikin mai kyau ya ga ƙwayoyi masu kama da ƙwai. Cikin mai tsami ya ga wasu daban, ƙanana ƙwarai, masu kama da ƴan sanduna. A 1857 ya bayyana abin da ya gano: waɗannan ƙwayoyi masu rai ne. Suna ci, suna hayayyafa, suna mutuwa.

Masu kama da ƙwai su ne yis, wanda mai burodi ke sa ma ƙullunshi. Yis na cin sukari, shi fitar da iska da barasa. Iskar ce kumfar da ake gani. Ita ce kuma ke kumbura burodi da fanke. Masu kama da sanduna su ma sukari suke ci, amma tsami suke fitarwa. Su ne ke cikin nono da kamu. Ashe irin da kakar tsohuwarmu ke zubawa cikin tukunya, da cokalin tsohon nono da ake sa ma madara, duk garke ne na masu rai. Ido ba ya ganinsu, amma kiwonsu ake yi kamar yadda ake kiwon awaki.

Tun da masu rai ne, kowane na da zafin da yake so. Yis ya fi jin daɗin aiki wajen digiri 25 zuwa 30. In sanyi ya yi yawa sai shi lafa. In zafi ya kai wajen digiri 55 ko 60 sai shi mutu. Ƙwayoyin da ake yin yawur da su sun fi son digiri 40 zuwa 45, wato sama da zafin jiki kaɗan. Wanda zafin tukunya ya yi ma daidai, shi ke rinjaye, shi mamaye abincin, sauran su rasa wuri.

Paster ya ƙara gano cewa in an ɗumama abin sha zuwa digiri 50 ko 60 na ɗan lokaci, yawancin ƙwayoyin da ke ɓata shi na mutuwa. Daga baya anka ɗauki wannan dabara anka yi ma madara. Aikinshi kuma ya taimaka anka gane cewa cututtuka da yawa ƙwayoyi ke kawo su. Wanke hannu da tafasa kayan aiki a likita na da tushe cikin wannan bincike.

Ga wani abin kuma. Masu giyar Jamus sun gaji da saran ƙanƙara. A 1873 wani injiniya mai suna Karl Linde ya haɗa ma wani gidan giya a birnin Munik injin da ke yin sanyi. Ya yi ta gyara shi har ya zama abin dogaro. Firigon da ake aje allurar rigakafin yara a likitarmu jikan wannan inji ne. Da wannan ilimi ne kuma anka kafa ma'aikatar madara ta gwamnati, OLANI, a Yamai farkon shekarun 1970, da kamfanin Niger-Lait a 1994. Babban aikin masana'antar nono bai wuce wannan ba: a ɗumama, a huce, a zuba iri, a sanyaya, kowane da lambarshi.

Abin da ya rage a gidajenmu

Tukunyar giya ta bar gidajenmu, amma ƙwayoyin nan suna nan, kullum muna aiki da su. Bari mu duba wurare 4.

Na farko nono. Ki tafasa madara tukuna. Tafasa na kashe ƙwayoyin tarin fuka, da na ciwon nan da ke sa shanu ɓari, wanda ke kama mutum ta hanyar ɗanyar madara. Sannan ki bari ta huce. Ki wanke hannu, ki ɗiga kaɗan a bayan hannunki. In kin ji ɗumi mai daɗi wanda ba ya ƙuna, lokacin zuba iri ya yi. Ki sa iri daga nono mai kyau na jiya, ki rufe da faifai. Cikin ɗari ki naɗe ƙwaryar da zane, ki aje cikin ɗaki nesa da iska. Cikin bazara ki riƙa dubawa da wuri, don nono na saurin kamawa. Da ya kama ki kai shi wuri mai sanyi, in ba haka ba shi yi tsami ƙwarai, shi tsinke.

Na biyu daddawa, ko ta kalwa ko ta batso da ake yi da gurguzu. Ita wata irin ƙwaya ce daban ke yinta, mai son zafi, wadda ba ta son tsami. Shi ya sa ake rufe dafaffen iri tun da ɗuminshi, a danne da buhu ko ganye, a bar shi kwanaki. Tarin da kanshi yake ƙara zafi, har shi wuce digiri 40. Mai yawan buɗawa don ta leƙa tana sakin zafin, daddawarta ba za ta nuna daidai ba.

Na uku kamu da koko. Tsamin kamu na da amfani ga lafiya, don ƙwayoyin zawo ba su jin daɗin zama cikin tsami. Kunun da ba shi da tsami, in ya huce ya yini a buɗe cikin zafi, ƙwayoyin cuta na hayayyafa ciki da sauri. Kada a ba yaro irin wannan sai an sake tafasa shi. Kuma ko da mai tsami ne, a dama shi da ruwa mai tsabta.

Na huɗu kunun zaƙi da zoɓo da duk abin sha mai sukari. Nan ne tarihin giya ya fi shafarmu. Yis na ko'ina, cikin iska da jikin hatsi da tsagar ƙwarya. Ba ya jiran a gayyace shi. In an bar kunun zaƙi kwana 2 ko 3 cikin zafin bazara, yis na soma aikinshi. Alamominshi a fili suke: kumfa na tasowa, gorar roba na kumbura, in an buɗe ta yi tsaki, ɗanɗano na cizon harshe. Abin da ya kai haka ya kama hanyar da burkutu ke bi. Hukuncinshi sai ka tambayi malaminku. Ni dai shawarata, a dama daidai abin da za a sha ko a saida ranar, a kuma wanke mazubi da ruwan zafi a shanya a rana kafin a sake zubawa.

In ka ce ba ka da firigo, ai kana da randa. Tukunyar yumɓu na tsatsafar da ruwa, iska na busar da shi, shi ke sanyaya abin da ke ciki. Wani malamin makaranta a Jigawa, Muhammad Ba Abba, ya yaɗa wata dabara bisa wannan. A sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a aje inda iska ke bugawa cikin inuwa. An ba shi lambar yabo ta duniya saboda haka a shekarar 2000. Dabarar ta fi aiki cikin rani, lokacin da iska ke bushe, irin namu na Adar. Maginan tukwane na nan cikinmu, rairayi kuwa ba saye ake ba.

Komawa aji

Mai saida nonon nan ta bi shawarar tsohuwa. Bayan kwana 2 ta shigo aji da ƴar ƙwarya, nono ya kama har cokali na tsayawa. Ta fara miƙa ma tsohuwar, ta ce: "Inna, ke za ki fara ɗanɗanawa." Ta kuma gaya muna ta aika ma maƙwabciyar tata da nata rabo. Dattijon da ya yi a'uziyya ma ya sha, ya ce a ƙara mishi. Hausawa sun yi gaskiya da sunka ce rashin sani ya fi dare duhu. Saura kaɗan ɗari shi raba maƙwabta.

Ranar nan darasinmu na lissafi da lambobin zafi munka yi shi. Kowa ya rubuta 0, da 37, da 45, da 100 bisa allonshi, ya faɗi abin da kowace lamba ke nufi.

Kai ma da ka iya karatu yanzu, ga aikin da nake roƙonka. Ka samu tsofaffin gidanku tun suna raye. Ka tambaye su yadda suke gane daddawa ta nuna, da yadda suke kafa nono cikin ɗari, da abin da sunka ji daga kakanninsu. Ka rubuta cikin littafinka da hannunka, ka kawo aji a karanta.

Ga tambayoyin da za ku tattauna tare da malaminku:

1. Don mi ake bari madara ta huce kafin a zuba iri?
2. Mi Paster ya gani cikin ganga mai tsami?
3. Waɗanne alamomi ke nuna kunun zaƙi ya fara juyewa?
4. A garinku, wace dabara ake yi don sanyaya nono cikin bazara?

Allah shi ba mu lafiya da damana mai albarka. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.